Tsakanin Fartanya Da Ma'auni: Matasan Karkara Da Sana'ar Intanet

Duk wanda ya san ƙasar noman da ta shimfiɗu daga Ungogo da Minjibir zuwa Dambatta da Makoɗa, ko ta yamma daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Tsanyawa, ya san cewa gona ita kaɗai ba ta cika riƙe mai ita a wannan yanki ba. Jama'a sun yi yawa, gonaki sun tsuke, rabon gado kuma kullum sai ƙara yayyanka su yake yi. Tun a shekarun 1960 wani masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, ya yi nazarin ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano, inda ya nuna yadda ake noma gona kowace damina ba a barin ta ta huta, da yadda jakuna ke kai itace birni su komo da taki. Abin da ya rufa wa mutanen yankin asiri tun kaka da kakanni shi ne sana'a ta biyu, wadda ake kamawa da zarar an kai amfani gida: saƙa, rini, ƙira, dukanci, fatauci, ko kuwa tafiya cin rani.

A yau, mai karatu, wani kaso na jikokin waɗancan masaƙa da maƙera sun ɗora fatansu na sana'a ta biyu a kan wayar hannu da kwamfuta. Wasu na koyon ƙirƙirar manhaja, wasu na haɗa bidiyo, wasu na rubuta littattafai suna rarrabawa ta intanet. Kowane ɗayansu yana buƙatar abu biyu: kayan aikin da zai ƙera abin da yake son ƙerawa, da kuma hanyar da kuɗin aikinsa za su shigo hannunsa. Na farkon shi ne fartanya, na biyun shi ne ma'auni a kasuwa. Abin da nake so mu duba a wannan fili shi ne dalilin da ya sa na farkon ya yi farin jini matuƙa a tsakanin matasanmu, na biyun kuwa ya zama sai dai a ji labarinsa, da kuma abin da wannan rata ke shirin janyo mana.

Mu fara da fartanya. Shafin GitHub, inda masu ƙirƙirar manhaja na duniya ke ajiye ayyukansu su kuma yi aikin gayya a kansu, an kafa shi a shekarar 2008, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2018 a kan dala biliyan 7.5, kuma a farkon 2023 ya bayyana cewa masu amfani da shi sun kai miliyan 100. A rahotonsa na shekarar 2023 ya sanya Nijeriya a sahun gaba cikin ƙasashen Afirka wajen saurin ƙaruwar masu rajista, da ƙarin kashi 45 cikin ɗari a shekara guda, sannan rahoton 2024 ya nuna cewa adadin 'yan Nijeriya a shafin ya haura miliyan ɗaya. Buɗe asusu a can kyauta ne. Manhajar rubuta umarnin kwamfuta ta Visual Studio Code kyauta ce, haka Android Studio da ake gina manhajojin waya da ita, haka harshen Python. Darussan koyo sun cika YouTube. Tun daga Nuwamban 2022 kuma, da fitowar ChatGPT, ɗalibi na iya yin tambaya da tsakar dare ya sami amsa nan take. Masu haɗa bidiyo da zane su ma suna da CapCut da Canva. Iyakar abin da ake nema daga yaron da ke Kunci ko Ɓagwai shi ne waya ko tsohuwar kwamfuta, da kuɗin data, da shagon caji idan babu wuta. Waɗannan ma ba ƙananan matsaloli ba ne a karkara, amma dai babu mai tambayarsa takardar shaida ko sunan ƙasarsa kafin ya fara.

To, mu juya ga ma'auni. Kamfanin PayPal, wanda shi ne ya fi shahara wajen biyan ƙananan masu sana'a ta intanet a duniya, ya shigo Nijeriya a shekarar 2014, amma da sharaɗi mai ban takaici: ɗan Nijeriya na iya aika kuɗi waje, ba ya iya karɓa. An shafe sama da shekara goma a haka. Shafin Patreon, wanda aka kafa a 2013 domin masoya su riƙa tallafa wa mawaƙi ko marubuci da wani abu duk wata, an gina shi ne a kan tsammanin cewa masoyin na da katin banki mai biya da kuɗin waje. Alhali a shekarar 2022 bankunan ƙasar nan suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, daga bisani da yawansu suka dakatar da shi baki ɗaya, sai a tsakiyar 2025 wasu suka sake buɗewa. TikTok, wanda babu ƙauyen da bai shiga ba, ya ƙaddamar da asusun biyan masu bidiyo a 2020 ga Amurka da wasu ƙasashen Turai, babu Nijeriya a ciki. Facebook, wanda ya fara magana da Hausa tun 2016, sai a tsakiyar 2024 ya buɗe wa 'yan Nijeriya ƙofar samun kuɗin tallan da ake sakawa a bidiyonsu.

YouTube ne ya fi kowa sassauci, kuma shi ne ya zame wa masana'antar Kannywood mafaka bayan da kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ta durƙushe. Shirye-shirye masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina shaida ne. Amma a duba matakalar da ƙaramin mai fasaha zai taka. Kafin a fara raba kuɗin tallan dogayen bidiyo da shi, sai ya tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin wata goma sha biyu. Idan kuɗinsa suka kai kimanin dala 10, sai a aiko masa da lambar tantancewa a cikin wasiƙa ta gidan waya, zuwa adireshin da ya bayar. Wane adireshi ne mutumin da ke zaune a ƙauyen da babu sunan titi, babu lambar gida, zai bayar? Idan ya tsallake wannan, ba za a biya shi ba sai kuɗin sun kai dala 100, kuma tallan da ake nuna wa mai kallo a Nijeriya kuɗinsa bai kama ƙafar na mai kallo a Amurka ko Ingila ba. Marubuta kuwa nasu ya fi muni, domin tsawon shekaru harshen Hausa bai shiga jerin harsunan da tsarin talla na AdSense ke amincewa da su a shafukan rubutu ba.

Idan aka ajiye waɗannan biyun kafaɗa da kafaɗa, sai a ga cewa kalmar farin jini tana iya yaudararmu. Kayan aiki sun yi farin jini saboda kamfanonin da ke ba da su suna cin riba da yawan jama'a. Kowane sabon mai rajista ƙarin daraja ne a gare su, kuma bai ɗora masu wani nauyi ba. Kafofin biya kuwa kowane sabon mai rajista haɗari ne a wurinsu: sai sun tantance shi, sun bi dokokin ƙasarsa, sun ɗauki asara idan ya yi zamba. Saboda haka ɗaya ya buɗe ƙofa warwar, ɗaya ya sa mata sakata. Ashe ke nan ƙarancin masu amfani da Patreon a Bichi ba ya nuna cewa matasan Bichi ba su son a biya su, kamar yadda yawan asusun GitHub ba ya nuna cewa masu su na cin abinci da su. Rajista ba albashi ba ce. Wanda ya ƙirga fartanyu ya ce ya san yawan damman da aka kai rumbu, ya yi wa kansa ƙarya.

Tarihin wannan yanki namu ya riga ya koya mana wannan darasi. Lokacin da layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga fatauci a 1912, Turawan mulkin mallaka auduga suke hange. Ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1902, ta sa rai cewa ƙasar Hausa za ta ciyar da masaƙun Lankashaya. Amma manoman Kano suka yi nasu lissafin. Masaƙan gida sun fi Bature sayen auduga da daraja, gyaɗa kuwa farashinta ya yi kyau, ga shi idan kasuwa ta faɗi ana iya cin ta. Abin da ya fi muhimmanci, fataken goro na Kano, waɗanda suka san ƙauyuka suka kuma san amana, sun shiga tsakani: suka baza yaransu karkara, suka ba da kuɗi da kaya tun kafin kaka, suka kafa ma'auni kusa da manomi. Cikin shekara ɗaya zuwa biyu gyaɗa ta cika tashar jirgi har ta fi ƙarfin taragu. A cikin irin waɗannan fatake ne Alhassan Ɗantata ya yi fice, har dalar gyaɗa ta zama tambarin Kano. Babu wanda ya raba wa manoman nan sabuwar fartanya. Wadda suka gada ita suka yi aiki da ita. Abin da ya sauya shi ne an kawo masu mai saye da hanyar biya da suka amince da ita.

Abin lura shi ne, irin wannan ma'auni na zamani ya riga ya iso ƙauyukanmu, sai dai ba daga inda muke ta hange ba. Tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna ya fara aiki a Nijeriya tun 2011, amma ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira a farkon 2023 shi ne ya tilasta wa mai shayi da mai kayan miya da dillalin dabbobi rungumar sa. A lokacin ne OPay da Moniepoint da PalmPay suka zama sunayen da kowa ya sani, mai POS kuma ya zama bankin ƙauye. Alƙaluman hukumar da ke daidaita biya tsakanin bankuna sun nuna cewa kuɗin da aka tura ta na'ura sun kai kimanin naira tiriliyan 600 a 2023, suka haura tiriliyan 1,000 a 2024. A kasuwar Dawanau da ta Dambatta a yau ana cinikin buhuna da shanu da waya. Idan farin jini na gaskiya ake nema a fagen biya, to ga shi nan. Matsalar ita ce an gina waɗannan kafofi ne domin mai shago da mai saye, ba a yi su domin marubuci ko mai manhaja ba. Ba su da tsarin biyan wata-wata ga mai fasaha, ba su kare aikinsa daga masu kwafa.

Duk da haka mutanenmu ba su zauna jira ba. Marubutan littattafan Hausa na intanet, waɗanda akasarinsu mata ne, sun ƙirƙiro tasu dabarar: a saki shafukan farko kyauta a WhatsApp, wadda ke son ci gaba ta tura kuɗi ta banki ko ta aiko da katin waya, ta nuna shaidar biya, sai a sa ta a zauren masu karatu. Wannan shi ne Patreon ɗin Hausawa, an haɗa shi da hannu, kuma yana tafiya a kan amana. Rauninsa a fili yake: mutum ɗaya ya biya, ya kwafe littafin ya watsa wa ɗari. Amma ya tabbatar da abin da wasu ke musantawa, wato Bahaushe na biyan kuɗin fasaha idan farashin ya yi daidai da aljihunsa kuma hanyar biyan ta saba da hannunsa. A kudancin ƙasar nan an ga wannan giɓi an kuma cike wani sashe nasa. Shola Akinlade da Ezra Olubi sun kafa Paystack a 2015, kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020 a kan sama da dala miliyan 200. Flutterwave ya biyo baya a 2016, haka shafin Selar da masu fasaha ke sayar da littattafai da darussa da naira. Matasa ne irin namu, da kayan aikin nan na kyauta, suka gina ma'auni.

Na san za a ce kamfanonin waje suna da hujja, domin 'yan damfara sun ɓata wa ƙasar nan suna. Gaskiya ne, kuma ba ni da niyyar wanke masu laifi. Amma tun 2014 muke da lambar BVN, ga lambar ɗan ƙasa ta NIN, kuma a ƙarshen 2023 Babban Bankin Nijeriya ya wajabta haɗa ko da ƙananan asusu da ɗayansu. Hanyar tantance mutum ta samu, saura a yi amfani da ita wajen ciniki da waɗannan kamfanoni. Za a kuma ce ƙwarewa ce gaba, wanda ya iya aiki kuɗi za su neme shi. Wannan magana ta dace da mutum ɗaya cikin ɗari, wanda ya kai matsayin da kamfanin waje zai ɗauke shi aiki. Sauran casa'in da tara fa? Mai koyo yana buƙatar ya ga naira dubu biyar ta farko ta shigo kafin ya yarda cewa abin da yake yi sana'a ce, kuma kafin mahaifinsa ya daina ganin zaman da yake yi da kwamfuta a matsayin gudun gona. Wasu kuma za su ce dala ake nema, musamman tun da darajar naira ta faɗi daga kimanin 460 a kan dala ɗaya a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024. Ba na hana kowa neman dala, amma wanda bai iya sayar wa maƙwabcinsa ba, da wuya ya sayar wa baƙon da bai taɓa gani ba.

Abin da ke tattare da sakaci a nan ba ƙarami ba ne. Matashin da aka koya wa aiki aka bar shi babu hanyar karɓar lada, ɗayan uku zai yi. Ko dai ya yi aron asusun wani da ke ƙasar waje, a riƙa yankar rabo daga guminsa, ya zama kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Ko ya tattara ya bar ƙauye, ya bar gonar da dama ba ta ishe shi ba. Ko kuwa ya bi duk wata kafa da ta yi masa alƙawarin biya, ko da ta ƙarya ce. Mun gani da idonmu a 2024, lokacin da guguwar danne-dannen waya ta Notcoin da Hamster Kombat ta mamaye Arewa, yara da manya suka kwana suna dangwalar gilashi, mafi yawansu suka tashi da abin da bai biya kuɗin datarsu ba. Mun kuma ga yadda rushewar CBEX a Afrilun 2025 ta cinye dukiyar jama'a. Waɗannan abubuwa sun fi kowace manhajar koyon sana'a farin jini a lokacinsu, saboda dalili ɗaya tak: sun yi maganar biya. Ruwa ba ya tsami banza.

Saboda haka ina da kira ga ɓangarori huɗu. Na farko, masu shirye-shiryen horaswa, tun daga shirin 3MTT da ma'aikatar sadarwa ta tarayya ta ƙaddamar a 2023 da burin horar da mutum miliyan uku, har zuwa hukumar NITDA da gwamnatin jiha da cibiyoyi irin su CITAD a Kano: a daina auna nasara da yawan takardun shaida. A riƙa tambaya, bayan wata shida, mutum nawa ne suka karɓi kuɗin aikinsu na farko, kuma ta wace hanya? Darasin buɗe asusu, da sanya farashi, da rubuta yarjejeniya, ya zama cikin manhajar karatu kamar yadda darasin Python yake.

Na biyu, matasanmu masu ƙirƙirar manhaja, musamman na Jami'ar Bayero da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi da Kwalejin Noma ta Audu Baƙo da ke Dambatta: ga aiki a ƙofar gidanku. Ku gina wa marubutan Hausa rumbun da zai karɓi naira ta hanyar turawa ko lambobin waya, ya kuma hana kwafa. Ku gina wa dillalan Dawanau littafin bashi, ku gina wa masu noman rani na madatsun Tomas da Watari hanyar sanin farashi da karɓar kuɗi. Binciken EFInA na 2023 ya nuna kusan rabin manyan mutane a Arewa maso Yamma ba su mu'amala da kowace irin kafar kuɗi. Wani zai ga koma-baya a wannan adadi, ɗan kasuwa kuwa kasuwa zai gani.

Na uku, hukumomi. Babban Banki da ma'aikatar sadarwa su sa batun biyan masu fasaha a kan teburin duk wata tattaunawa da manyan kamfanonin intanet. Wanda ke cin kasuwar idanun 'yan Nijeriya ya kamata ya buɗe masu ƙofar biya. Ƙananan hukumomi da hukumar gidan waya kuma su sani cewa sanya wa unguwanni da gidaje adireshi ya zama batun tattalin arziki.

Na huɗu, mu kanmu, 'yan boko masu albashi. Da yawanmu na biyan kuɗin kallon finafinan waje duk wata ba tare da ƙorafi ba, amma idan littafin Hausa ne ko fim ko manhajar ɗan gida, sai mu nemi wanda zai turo mana a ɓagas. Babu ma'aunin da zai tsaya a kasuwar da babu masu saye. Idan muna son ɗan manomin Makoɗa ya zauna a garinsu ya yi noma da damina, ya yi sana'ar kwamfuta da rani kamar yadda kakansa ya yi saƙa, to sai mun zama masu sayen farko.

Kakanninmu ba su jira Lankashaya ta tsara masu abin da za su noma ba. Sun duba inda ake biya, suka kafa hanyar da kuɗi za su isa hannun manomi, Kano ta zama abin da ta zama. Fartanyar zamani ta riga ta shiga hannun 'ya'yanmu, kuma kyauta aka ba su. Kafa ma'auni ya rage namu. Allah Ya ba mu ikon yi, Ya sa mu dace.